Ƙafa Ta Fara Takawa, Hannu Ya Ƙi Motsi

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama sati 7 da suka wuce, sanadin hawan jini. Yanzu yana dogara sanda har zaure, amma hannun yana nan yana reto, yatsun kuma sun fara dunƙulewa. Muna gasa masa da ruwan zafi, mun kuma saya masa ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ko daidai muke yi? Daga 'yar'uwarku a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Asalin ciwon a ƙwaƙwalwa yake, ɓangaren hagu, domin shi ke sarrafa gefen dama na jiki. Tsokar hannun lafiyarta ƙalau, saƙo ne ba ya isa gare ta. Ƙafa kuwa ta saba riga hannu farfaɗowa, kada wannan ya karya muku gwiwa.

Da farko tsoka takan saki, daga baya ta fara ɗaurewa, kuma masu lanƙwasa yatsu sun fi masu buɗe su ƙarfi. Dunƙulewar da kika gani ke nan. Saboda haka a ajiye ƙwallon tukuna, don buɗe hannu Baba yake buƙatar koya, ba damƙa ba. Ruwan zafi ma a yi hattara, fatar wannan gefen ba lallai ta ji ƙuna ba, sai dai a wayi gari a ga bororo. Mai ɗumi ya isa, ki fara gwadawa a gwiwar hannunki.

Kafaɗa ita ce abin tsoro. Tunda tsoka ta saki, nauyin hannun kaɗai yana iya zamar da ƙashin daga gurbinsa, har ki ji ɗan rami idan kika sa yatsa a ƙasan ƙoƙon kafaɗar. Kada a jawo shi ta wannan hannun in za a tashe shi, kada kuma a ciccibe shi ta hammata. A riƙe shi ta ƙugu. In yana zaune, a ɗora hannun kan matashi, tafin a buɗe. Wajen sa riga, a fara zura shanyayyen hannun, wajen cirewa shi ne na ƙarshe.

Motsa gaɓoɓi kuwa, sau 2 ko 3 a yini: kafaɗa, gwiwar hannu, wuyan hannu, sannan yatsu, kowace gaɓa sau 10, a hankali. In kin miƙar da yatsun, riƙe su daƙiƙa 30. Kada ki ɗaga hannun ya wuce daidai kafaɗa sai likitan gashi, wato mai motsa gaɓoɓi (fisiyo), ya nuna miki yadda ake yi, kuma da ya ce da zafi ki tsaya.

Amma motsin da wani ya yi masa gaɓa kawai yake hanawa sandarewa. Wanda ke koya wa ƙwaƙwalwa shi ne wanda ya yunƙura da kansa, ko da babban yatsa ne ya ɗan girgiza. Ya sarƙe yatsun hannuwansa biyu ya tura kofi a kan tebur, ya goge faranti da tsumma, in an samu ci gaba ya ja carbi ƙwaya-ƙwaya. Akwai kuma dabarar madubi: a tsayar da shi tsakanin hannuwan, shanyayyen a ɓoye a baya, ya riƙa buɗe mai lafiyar yana kallonsa a madubi kamar na daman ne, wajen minti 30 a rana.

Wata 3 zuwa 6 na farko a nan aka fi samun sauƙi da sauri, don haka kada a tsaya jiran tsaga ko ƙaho. Ku kai shi sashen gashi, kamar na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, su duba ko na'urar lantarki mai zaburar da tsokar buɗe yatsu za ta dace da shi. Maganin hawan jinin kuma kada ya tsallake ko kwana ɗaya, ko da awo ya nuna jinin ya sauka.