Laptop na kai digiri 92 wajen gem

Ɗan'uwa, ka ce zafin naka na kai digiri 92 na Celsius in kana buga gem, ko zai ƙone? Ba nan take ba, yawancin furosesan Intel (furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfutar) sai wajen 100 suke rage gudu da kansu, amma 92 kullum ya yi yawa gaskiya, 70 zuwa 85 ne daidai. Don Allah daina ɗora shi kan katifa, ramukan iskar ƙasansa ke toshewa, sa shi kan tebur ka ɗan ɗaga bayansa. Ga ƙurar hunturun Zariya kuma, nawa da aka buɗe fankar ta cika dam kamar auduga. In bai sauka ba kai wa mai gyara a Sabon Gari ya canza man rage zafi da ke kan furosesan, kar ka kwance da kanka.