Ga ƙanwarmu mai son rubuta labarin dutsen da zai faɗo wa duniya

Ƙanwata, na ga tambayarki tun jiya, na bari sai na samu zama. Kin ce kin karanta littattafan Turawa masu ba da labarin wani ƙaton dutse da ya taso daga sararin samaniya zai daki duniya, kina son ki rubuta naki da Hausa, amma kina tsoron a ce ƙarya ta yi yawa, ko a ce kwaikwayo ne. Ni malamin kimiyya ne, na daɗe ina koyarwa a makarantun nan Damagaram da kewaye, kuma tun ina ɗan lakwal nake cin irin waɗannan littattafai da Faransanci. To ga abin da na gani.

Yawancinsu hanya ɗaya suke bi. Wani masanin taurari ya hango abin, manya su ƙi yarda, daga baya shugaban Amurka ya yi jawabi, a tura jarumai da bam su fasa dutsen ana saura ƙiris. Na sha ba ɗalibaina irin wannan labari idan darasi ya yi nauyi, kuma kusan kullum sai wani daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, mu a lokacin muna ina?" Ba mu ciki. In an ambaci Afirka ma, layi ɗaya ne. Wannan gurbin shi ne naki, kuma ba wanda zai kira shi kwaikwayo.

Abu na farko da za ki yanke shi ne girman dutsen, domin shi ke yanke miki sauran labarin. Masu fara rubutu suna son babba, wanda zai share kowa. Irin wannan ya taɓa faɗowa, shekaru miliyan 66 da suka wuce, a inda yanzu ake kira Yukatan a ƙasar Meziko. Faɗinsa kamar kilomita 10, ramin da ya bari kusan kilomita 180, wato ya zarce nisan nan zuwa Tanut, kuma bayansa ne manyan dabbobin nan dinoso suka ƙare. Amma in kin ɗauki wannan, wa zai rage ya ɗauki labarin? Ni da ke zan ba shawarar ƙarami. A ranar 30 ga Yuni 1908 wani da bai kai mita 100 ba ya fashe a sama, a Tunguska cikin dajin Saiberiya, bai ko taɓa ƙasa ba, amma ya kwantar da itatuwa a fili fiye da murabba'in kilomita 2,000. Da a kan Birnin Damagaram ya fashe, da garin Mirya ma bai tsira ba. Ga masifa wadda ta isa littafi, ga kuma sauran duniya a tsaye, wanda ke nufin akwai tambayar wa zai kawo agaji, wa zai rufe iyaka.

Kada girman ya ruɗe ki. Abin da ke sa ƙaramin dutse ya yi wannan ɓarna gudu ne: suna shigowa da kamar kilomita 20 a daƙiƙa guda. Kuma in faɗin dutse ya ninka biyu, nauyinsa takwas yake ninkawa. Waɗannan biyun sun ishe ki lissafi, ba sai kin cika shafi da lambobi ba.

Akwai wani abu da marubuta da yawa ke kuskurewa, ni kuma shi ya fi ba ni tsoro. Haske da ƙara ba tare suke zuwa ba. A ranar 15 ga Fabrairu 2013 wani mai kamar mita 20 ya fashe a saman garin Celiyabinsk na Rasha. Mutane suka ga haske ya fi na rana, suka ruga tagogi su ga me ya faru, shiru. Sai bayan minti biyu ko fiye bugun iskar ya iso ya tarwatsa gilasai a fuskokinsu, mutum kusan 1,500 suka je likita. Sauti yana cin kilomita ɗaya ne a daƙiƙa uku, abin kuwa ya fashe can sama kusan kilomita 30. Ki zauna ki yi tunanin waɗannan mintuna biyu a Kasuwar Dole: ƴan kabu-kabu sun tsaya, mai nama ya bar wuƙa, kowa ya ɗaga kai yana salati, wasu har sun fara dariya an tsira. Mu ba gilashi ne ya yi mana yawa ba, kwanon rufi ne da katangar laka. Babi guda cur yana cikin wannan shirun. Kuma ba wanda ya hango dutsen nan kafin ya iso, don ta ɓangaren rana ya zo, inda na'urorin hangen nesa ba sa gani.

In kuma kin fi son a san da zuwansa, to kin samu abin da ya fi daɗin rubutu, wato jira. Masana ba sa cewa "zai faɗo" kai tsaye, kashi cikin ɗari suke bayarwa, adadin ya yi ta hawa yana sauka yayin da ake ƙara auna hanyarsa. An ga haka da wanda ake kira 2024 YR4: a Fabrairun 2025 yiwuwar ya daki duniya a Disamban 2032 ta haura kashi 3 cikin ɗari, ƴan kwanaki kaɗan ta faɗo kusan sifiri. Yanzu ki kawo wannan garinmu. Kashi 3 zai shiga saƙon murya na WhatsApp da safe, kafin la'asar ya zama gobe za a tashi duniya. Nawa tiyar hatsi za ta kai? Mai bin bashi zai matsa ko zai yafe? Auren da aka sa bayan salla, a jawo shi ko a ɗage? Samari a fada suna shayi suna gardama, wani ya ce makircin Turawa ne, wani ya sayar da babur ya nufi Kano, tsohuwa ta ce ita ba inda za ta, nan aka binne cibiyarta. A nan za ki nuna kin san mutane, abin da littattafan can ke yawan tsallakewa don su kai ga wuta.

Maganar addini kuwa ba za ki iya kauce mata ba, kuma bai kamata ki kauce ba. Wasu za su ce miki kina wasa da tashin alƙiyama. Ki raba su a fili cikin labarin: wannan musiba ce kamar fari ko ambaliya, sa'a kuwa saninta na wurin Allah. Ki sa malami mai hankali a ciki wanda zai faɗi haka, ya kuma ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Kada ki mai da malamai abin dariya don masanin kimiyya ya haskaka, masu karatunki za su ajiye littafin.

Batun bam ɗin nan, ki yi hattara. Fasa dutse yana dab da isowa na iya mai da shi tarin duwatsu masu zuwa wuri guda. Abin da aka gwada da gaske turewa ne. A ranar 26 ga Satumba 2022 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta daki wani dutse mai suna Dimorphos da kumbon DART, lokacin zagayen da yake yi wa wani dutsen da ya fi shi girma ya ragu da kusan minti 32. Ɗan turi ne, yana aiki ne kawai in an samu shekaru kafin ranar.

Idan kin nace sai babba, to ki sani ba faɗuwar ce ke kashe mafi yawa ba, ƙura da hayaƙin da ke rufe rana ne. Kamar hazon hunturu ne da ya ƙi wucewa har damina biyu. Ko aman dutsen Tambora na Indunusiya a 1815 ya sa amfanin gona ya lalace a Turai da Amurka a 1816. Wannan kuwa ba sai kin buɗe littafin kowa ba. Ki je wurin kakanninki ki ce su ba ki labarin yunwar 1973 da ta 1984: yadda rumbu ke ƙarewa, me ake fara sayarwa, wa ke fara tafiya, me aka ci da ba a saba ci ba. Marubucin Paris zai yi hasashen yunwa ne, ke a gidanku za ki ji ta.

Masu cewa abin ba ya faruwa a yankinmu, ki gaya musu dutsen da ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina a 1962, mai kilo 18, daga duniyar Mars ya fito. An tsinci wani na Mars a jihar Agadas a 2023, kusan kilo 25, aka yi gwanjonsa a Niyok a 2025 kan fiye da dala miliyan 5, har gwamnati ta sa a binciki yadda ya fita. Wannan ma labari ne mai zaman kansa, na kwaɗayi da dillalai, in wata rana kin gaji da halaka duniya.

Ki kuma riƙe ranar Juma'a 13 ga Afrilu 2029. Wani mai suna Apophis, fiye da mita 300, zai gifta kamar kilomita 32,000 daga gare mu, ƙasa da inda taurarin ɗan Adam na talbijin suke. An tabbatar ba zai taɓa mu ba, kuma daga Afirka za a iya ganinsa da ido. Tun kafin ranar jita-jita za ta cika gari, saboda haka in littafinki ya riga ta fita, kin samu masu saye. Ki rubuta babi na farko ki turo mana nan, ni zan duba miki lissafin, sauran ƴan'uwa su duba Hausar.