Na biya mai zane a Rasha kuɗin kwalin kilishi, maɗaba'a ta ce ba zai bugu ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata tara ina sana'ar kilishi a Kano, yanzu ina son shiga manyan kantunan Abuja, daga nan Dubai in Allah Ya yarda. Na ga kwalayen da masu zane na Rasha ke yi a intanet, musamman wani na taliya mai taga, suka burge ni. Ɗan yayata da ke karatun likita a birnin Kazan na Rasha ya samo mini wani mai zane, na tura masa kuɗi daidai da dala 600 ya biya shi duka. An turo mini hotuna uku ta WhatsApp, masu kyau ƙwarai. Da na kai maɗaba'a sai suka ce wannan ba zai bugu ba. Ina shirin cin bashi in kai Legas a buga mini dubu goma. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka ci bashin nan. Abin da aka faɗa maka a Kano shi za a faɗa maka a Shomolu, unguwar maɗaba'u ta Legas, domin hoton kwali ke hannunka, kuma hoto ba ya shiga inji.

Idonka bai yaudare ka ba, 'yan Rasha sun iya wannan aiki. Kwalin taliyar da ka gani na Nikita Konkin ne, wanda ya yanka taga a siffar gashin mace, taliyar ciki ta zama gashin. Amma a 2016 da ya bazu a intanet zanen gwaji ne kawai, sai daga baya wani kamfani a Jamus ya ɗauka ya fito da shi kasuwa. Shafukan Behance, dandalin intanet da masu zane ke baje aikinsu, cike suke da irin wannan: kwalin da aka haɗa cikin kwamfuta, aka sa masa haske da inuwa, alhali ba a taɓa ninka shi da hannu ba. Kwatanta shi da madarar Milgrad mai shuɗiyar kyanwa, wadda kamfanin Depot na Mosko ya zana a 2020. Wannan a kan kwalin da injin masana'anta ke cikawa aka zana ta, shi ya sa ta shiga kantuna.

Kuskurenka ɗaya ne: ka fitar da dala 600 babu ko layi ɗaya a rubuce, don kawai ɗan yayarka ne a tsakani. Ban ce yaron ya ci amana ba. Ɗalibin likita ne, bai san abin da maɗaba'a ke karɓa ba, sai ya ce wa mai zane kawuna yana son kwali mai kyau, aka kuwa ba shi hoto mai kyau. Cinikin biri a sama ke nan. Kuma tun Maris na 2022 da Visa, Mastercard, PayPal da Western Union suka dakatar da aiki a Rasha, kuɗi irin naka hannu da hannu suke tafiya, babu wani kamfani a tsakiya da za ka kai wa ƙara. Inda babu mai riƙe kuɗi a tsakani, takarda ce kaɗai shaidarka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi take, kuma ba ta cire 'yan uwa ba.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. A dokar Rasha, yarjejeniyar miƙa cikakken haƙƙin mallakar zane dole ta kasance a rubuce, in ba haka ba ɓatacciya ce. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ita ma rubutu take nema. Ma'ana, yau da ka biya, zanen na mai zane ne. An sha ganin ɗan kasuwa ya yi shekara biyu yana tallata kayansa da wani zane, ya wayi gari ya gan shi a kan kayan wani da ɗan sauyin launi, ba shi da takardar da zai ɗaga.

Ka karɓi lambar mai zanen ka yi magana da shi da kanka, yaron ya tsaya a matsayin tafinta. Kafin nan ka je maɗaba'ar da za ta buga maka, ka ɗauki kilishin giram 100 ko nawa kake sayarwa, a auna, su ba ka taswirar yanka da ninki ta kwalin, da milimita. Daga wurinsu ya kamata aikin ya fara tun farko, domin su ke da ƙarfen yanka. A kan wannan taswira mai zane zai shimfiɗa aikinsa, ya bar rarar milimita 3 a kowane gefe don kada farin layi ya fito in wuƙa ta ɗan goce. Launuka su zama CMYK, na tawada huɗu. Launin allon waya ya fi haske, ja mai ƙyallin nan da ya burge ka zai dushe a takarda. Hotuna su kai ɗigo 300 a kowane inci, wanda WhatsApp ya riga ya matse naka ƙasa da haka. A turo asalin fayil ɗin da ake iya gyarawa da kuma PDF na bugu, ta imel.

Ka duba haruffa da idonka. Salon haruffan da mai zane a Rasha ke amfani da shi yana da na Rashanci da na Ingilishi, amma sau da yawa babu ƙ, ɗ da ɓ. Sai ka ga "daɗi" ya fito da ɗan akwati a tsakiya, ko "ƙuli" ya koma "kuli". A mayar da duk rubutu zane kafin a turo, don kada kwamfutar maɗaba'a ta canza shi.

Sai kilishin kansa, wanda mai zanen bai taɓa riƙewa ba. Mai ne da shi, kuma mai yana ratsa takarda cikin 'yan kwanaki ya bar tabo. Dole ya shiga leda mai like baki tukuna, kwalin ya zama riga. Kwali mai kaurin giram 300 zuwa 350 a kowace murabba'in mita ya isa, a matsa masa layin ninki kafin a ninka, in ba haka ba bushewar hunturu za ta tsattsage shi a kusurwa. Tagar da kake so kuwa tana nufin ƙarfen yanka na musamman, kuma in gefenta ya yi siriri sai ya yage wajen lodi. A bar wuri don lambar NAFDAC, jerin kayan haɗi, nauyi, adireshi, ranar yi da ta ƙarewa, da Ingilishi, da kuma lambar layuka da ake sikanin a kanti (barcode), ta hukumar GS1, mai farawa da 615. Kantin Abuja ba zai karɓa babu waɗannan ba.

Duk wannan a rubuta shi a shafi ɗaya, da Ingilishi da Rashanci, tare da jumlar miƙa maka cikakken haƙƙi, ku sa hannu. Zai nemi ƙarin kuɗi, kuma yana da gaskiya, tunda ba a ce masa ya yi ba. Ka biya kashi uku: na farawa, na bayan ka ga zanen a kan taswira, na ƙarshe bayan maɗaba'a ta buɗe fayil ta ce ya yi. Kowane biya da rasit. In ya yi rajistar mai aikin kansa, manhajar hukumar harajin Rasha tana fitar masa da shi nan take.

Maganar dubu goma da Dubai ka ajiye ta. Ka buga hamsin na gwaji, ka cika su, ka bar wasu a shago mako uku, ka sa wasu a motar Abuja su dawo ka ga yadda suka iso. In sun tsira, ka buga dubu ɗaya da kuɗinka. Ka lissafa kuɗin kwali, leda, ƙarfen yanka da zane, ka raba da dubu. A ganina in abin da ya hau kan kowane ƙunshi ya wuce kashi goma cikin ɗari na farashin sayarwa, ka cire tagar ka koma tawada biyu.