Amsa: Cinnakan da ke tsalle a jikin lemo

Malam, ka ce ka ga wani ƙwaro baƙi kamar cinnaka a bishiyar lemon gidanku a Gwale, ka kai hannu ya yi tsalle, kuma ka ga kamar yana cin ƙananan ƙwari. Daga kwatancenka, ba cinnaka ba ne, ɗan wata fara ce mai dogon gashin kai, dangin gyare. A Afirka akwai jinsin Eurycorypha da 'ya'yansa ke wannan shiga don tsuntsaye da ƙadangaru su ƙyale su.

Matso da kyamarar waya ka duba gashin nan biyu na kansa. Na tururuwa gajeru ne masu lanƙwasa, nasa dogaye ne sirara. Cinyoyin ƙafafun baya kuma masu kauri ne, na tsalle. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙugun: ba shi da siririn ƙugu irin na tururuwa, launi mai haske ne a gefen cikinsa yake ruɗar ido. In ya yi saɓa 'yan lokuta sai ya koma kore kamar ganye.

Maganar ci, a danginsu akwai mafarauta masu cafke darɓa da ƙananan tsutsotsi, amma da yawa ganye da fure suke ci. Kada ka yanke hukunci da gani ɗaya, kada kuma ka yi saurin feshi, musamman da yara a tsakar gida.

In kana son tabbacin jinsinsa, sa shi a kwalba da ɗanyen ganye, ka huda murfin, ka kai sashen nazarin halittu na Jami'ar Bayero.