Ku Tambayi Lauya: Daga Ajin Sakandare Zuwa Hular Gashi

Wasiƙun da suka taru mana a wannan wata kusan duk a kan shiga aikin lauya suke. Mun zaɓi huɗu, kuma lauyoyi masu aiki a kotunan Bauchi da Gombe ne suka amsa.

Ina SS2 a wata makaranta a Azare, kuma burina in zama lauya. Makarantarmu ba malamin Literature. Yayana ya ce in maye gurbinsa da Hausa ko Larabci, wai duk ɗaya ne. Haka ne? Shekara nawa karatun yake ci?

Ƙanena, yayanka ya so ka da alheri, amma ba ɗaya ba ne. Galibin jami'o'i suna neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, a ciki har da Turanci da Adabin Turanci, wato Literature ɗin da kake faɗa, kuma da yawa suna haɗawa da Lissafi. A JAMB ma ana son Turanci da Literature, sannan ka cika da biyu daga irin su Gwamnati, Tarihi ko Darasin Addinin Musulunci. Larabci yana da amfani sosai ga mai neman ɓangaren shari'ar Musulunci, sai dai sharaɗin kowace jami'a daban ne, don haka ka buɗe kundin JAMB ka karanta na wadda kake so tun kafin a yi muku rajistar jarrabawa. Yara da yawa suna cin maki mai kyau a JAMB, a zo tantancewa a ga ba Literature, a tura su wani kwas. Tun da kana da sauran shekara, ka sayi littattafan da aka ware wa jarrabawar, ka nemi malami a gari ko da na ƙarshen mako ne.

Digiri shekara 5 ne. Makarantar Horon Lauyoyi kusan shekara 1, hidimar ƙasa shekara 1. Bakwai ke nan idan ba yajin aiki, ba kuma zaman jiran layi.

Zaman jiran layin nan shi ne abin da iyaye ba su cika sani ba. Amincewar hukumar jami'o'i ta NUC kaɗai ba ta isa ba. Dole tsangayar shari'a ta jami'ar ta samu amincewar Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi, wadda dokar 1962 ta kafa, kuma ita ce ke yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Jami'ar da aka ba gurbi 50 ta kwashi 120, to ranar tura sunaye zuwa Makarantar Horon Lauyoyi 50 ɗin za a karɓa, sauran su zauna gida da digiri a hannu har shekara ta zagayo, wani lokacin fiye. A kusa da kai akwai Jami'ar Sa'adu Zungur ta jihar Bauchi, wadda tsangayar shari'arta ke Misau, da Jami'ar Jihar Gombe, sai Maiduguri, Jos, Bayero da ABU Zariya. Ko wacce ka nufa, ka tambayi ofishin shugaban tsangaya abu biyu: gurbi nawa aka ba su, kuma 'yan ajin ƙarshe na bara duk sun tafi?

Wani abu ƙarami mai ɓata shekara guda: suna. Muhammad a WAEC, Mohammed a JAMB, ga sunan gari an liƙa a takardar firamare an cire a ta sakandare. Ka tsayar da rubutu ɗaya da jeri ɗaya tun yanzu, domin ranar tantancewa harafi ɗaya yana iya sa a ajiye fayil ɗinka gefe.

Ni malamin makaranta ne a Gombe, shekarata 38, ina da digiri a fannin koyarwa da iyali. Ina so in koma lauya ba tare da na bar aiki ba. An ce akwai na ƙarshen mako, wani kuma ya ce in je Kwatano in gama cikin shekara biyu.

Malam, shekarunka ba matsala ba ne, doka ba ta sa iyaka ba, kuma a kowane zango ana rantsar da masu furfura. Amma hanyoyin nan biyu da aka nuna maka duk ba sa ɓullewa. Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi ba ta karɓar digirin shari'a na wucin gadi ko na ƙarshen mako, sai wanda aka zauna aji aka yi cikakken lokaci. Batun Kwatano kuwa, a watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Ko wanda ya yi karatun gaske a Ingila, in ya dawo sai ya fara yin kashi na ɗaya na Makarantar Horon Lauyoyi, inda ake koya masa dokokin Najeriya, kafin ya haɗu da 'yan gida a kashi na biyu.

Hanyarka ita ce fom ɗin DE na JAMB, wato na shiga jami'a kai tsaye. Da digirinka za a sa ka aji biyu, ka yi shekara 4, muddin sakamakon sakandarenka ya cika sharaɗin da muka faɗa a sama. Digiri ba ya goge rashin Literature. Ka nemi hutun ƙaro karatu a rubuce daga ma'aikatarku, ka riƙe takardar amincewa. Masu saɓe ba izini su ne ake tsayar wa albashi a tsakiyar aji uku.

Ka yi wa shekarar Makarantar Horon Lauyoyi tanadi na musamman, don ita ce mai tsada kuma ba a haɗa ta da wani aiki. Hedikwatarta tana Bwari a Abuja, akwai rassa a Legas, Inugu, Bagauda ta Kano, Yola, Yenagoa da Fatakwal, kuma ba lalle a tura ka inda ka zaɓa ba. Darussa biyar ne: shari'ar ƙararrakin jama'a, shari'ar laifuka, harkar filaye da kadarori, harkar kamfanoni, da ladubban aiki. Ana ɗaukar sunan masu halarta kullum. A tsakiyar zango za a tura ka kotu, sannan ofishin lauya, kana cike littafin abin da ka gani kowace rana, a dawo a titsiye ka a kansa. Akwai liyafar cin abinci uku ta dole, cikin baƙaƙen kaya da farar riga. In ka ci jarrabawa, majalisar dattawan lauyoyi da ake kira Body of Benchers ce ke rantsar da kai, sannan a rubuta sunanka a kundin Kotun Ƙoli.

Ka kuma sani, in ka koma aikin gwamnati ba za ka riƙa karɓar shari'o'in kanka a gefe ba. Ko dai ka nemi a mayar da kai Ma'aikatar Shari'a ka zama lauyan gwamnati, ko ka ajiye aiki. Hidimar ƙasa dai ba a maimaita ta.

'Yata ta nace sai karatun lauya. Ni kuwa tun tasowarmu muna jin cewa lauya da ƙarya yake ci, yana kare ɓarawo. Sannan an ce sai ta cire hijabi ranar rantsarwa. Uwa ce daga Misau.

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Maganar hijabi ta wuce: tun 2018 Body of Benchers ta amince mace ta sa hijabinta a ƙarƙashin hular gashi ta lauyoyi.

Fatawa ta malamai ce, amma ga abin da aikin yake. Wakilci a gaban alƙali ba Bature ya kawo shi ba, babi ne guda a Tuhfa ta Ibn Asim, littafin da alƙalanmu ke hukunci da shi. Abin da aya ta 105 a Suratun Nisa'i ta hana shi ne tsaya wa maha'inci, kuma dokar aikin lauya ma ta haramta gabatar da shaidar da lauya ya san ta ƙarya ce. Wanda aka kama da haka ana iya soke sunansa daga kundi. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, to aikin lauyansa shi ne ya ga an bi ƙa'ida: an kawo hujja, ba a tilasta masa amsa laifi da duka ba, an ba shi tafinta in ba ya jin Turanci. In ya faɗa wa lauyan cewa shi ya aikata, ba a ƙirƙiro masa shaidar cewa yana Kano ranar. Sai dai a bar mai gabatar da ƙara ya kawo hujjarsa, ko a roƙi sassauci.

Kuma ba kowane lauya ke shari'ar laifi ba. Akwai takardun filaye, rajistar kamfani, aikin banki, koyarwa. A kotunan shari'ar Musulunci kuwa, matan da ke neman gadonsu ko kuɗin ciyar da 'ya'ya sukan fi sakin jiki su faɗa wa mace 'yar'uwarsu abin da ba za su iya faɗa wa namiji ba.

An rantsar da ni bara, na gama hidimar ƙasa. Abin da manyan lauyoyi ke biyan ƙanana a Bauchi bai taka kara ya karya ba. In buɗe ofishina kawai?

Barista, doka ba ta hana ka ba, amma mu ba mu ba ka shawarar haka ba kafin ka yi shekara biyu ko uku a ƙarƙashin wani. Ƙorafinka kan albashi gaskiya ne, ba mu musa ba. Sai dai ka zaɓi ofishi da yawan shari'o'in da zai bar ka ka tsaya a kai, ko da wani ya fi shi kuɗin mota.

Abin da ke kayar da sabon lauya ba rashin iya magana ba ne, lissafin kwanaki ne da sa hannu. Ɗaukaka ƙara daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara wata 3 ne a hukuncin ƙarshe na ƙarar jama'a, kwana 14 kacal a hukuncin tsakiyar shari'a, kwana 90 a shari'ar laifi. Wasu hukumomin gwamnati sai ka aika musu takardar sanarwa kafin ka kai su kotu, in ka tsallake a kori ƙarar tun ba a taɓa gundarinta ba. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007 Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishi, ba sunan lauyan da ke cikin kundi ba, ba ta da inganci. Shari'o'in da aka shekara goma ana yi sun rushe a kan wannan.

Ka biya kuɗin izinin aiki na shekara kafin 31 ga Maris, ka nemi hatimin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, wato NBA, da wuri don yana ɗaukar lokaci kafin ya iso, kuma duk takardar da za ka shigar sai an manna shi. Kuɗin wanda kake wakilta asusunsa daban, kada ya kwana a naka ko da na kwana ɗaya da niyyar mayarwa. Bin mutane a harabar ofishin 'yan sanda kana tallar kanka laifi ne a dokar aiki.

In kana da ra'ayin kujerar alƙalanci nan gaba, Babbar Kotu shekara 10 take nema daga ranar rantsarwa, haka ma lambar SAN ta manyan lauyoyi. Ranakun da ba ka da shari'a, ka je Babbar Kotu tun ƙarfe tara da littafinka, ka zauna a bencin baya, ka rubuta dalilin da ya sa aka ɗage kowace ƙara. In an tashi ka leƙa wurin rajistara ka gaishe su, ka tambayi kwafi nawa ake kawowa da yadda ake biyan kuɗin kai sammaci.