Wai a koyarwar Kirista wane ne babba?

Ɗan'uwa ka tambaya ko babba a ikilisiya shi ne mai kujerar gaba da babban muƙami, to ai wannan gardamar tun zamanin almajirai ake yinta. Duba Markus sura 10 a Littafi Mai Tsarki, Yakubu da Yohanna 'ya'yan Zabadi suka je wurin Yesu wai a ba su mazauni ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa, sauran almajirai goman suka ji haushi, ni a ganina su ma kujerar suke so ba wani abu ba. Yesu ya ce duk mai son girma sai ya zama baran sauran.

Amma wanda ya fi taɓa ni Yohanna sura 13 ne, inda Yesu ya tuɓe mayafinsa ya yi ɗamara da tawul ya zuba ruwa a daro yana wanke ƙafafun almajiransa, ka san ƙafar da ta sha ƙura da takalmi buɗaɗɗe, aikin bawa ne fa, shi ya sa Bitrus, ɗaya daga cikinsu, ya ƙi da farko. Ko a 2013 Paparoma Francis a gidan yarin matasa na Roma ya wanke ƙafafun fursunoni 12, har da mata da Musulmi a cikinsu.