An yanke wa kamfaninmu hukunci a bayan ido: akwai mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Wani tsohon abokin hannun jarinmu ya kai kamfaninmu ƙara a Babbar Kotun Tarayya. Lauyanmu ya shigar da takardar kariya, amma ranar sauraron shaidu ba mu je ba, lauyan ma bai je ba. Kwatsam sai muka ji an yanke hukunci mu biya. Shi ke nan magana ta ƙare? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ba ta ƙare ba, amma lokaci ba ya jira. A ƙa'ida, alƙali ba ya komawa kan hukuncin da ya yanke bayan ya ji kowane ɓangare. Hukuncin bayan ido ya fita daga wannan ƙa'ida, shi ya sa kotun da ta yanke shi ke da ikon soke shi ta sake zama.

Tun yau ku tura lauya wajen magatakardar kotu ya nemo kwafin hukuncin da na zaman kotu masu hatimi, ya kuma duba fayil ɗin: an aiko muku da sanarwar ranar zama? Masinjan kotu ya yi rantsuwa cewa ya kai? Wa ya karɓa, a wane adireshi? Duk shari'ar a kan wannan ta rataya. Idan ba a sanar da ku ba, hukuncin rusasshe ne tun daga tushe, domin sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a ji ta bakinsa, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Skenconsult da Ukey a 1981 cewa rashin isar da sammaci na hana kotu hurumi. Sai dai faɗa da baki ba ta rushe rantsuwar masinja. Wanda aka ce ya karɓa, ko sakataren kamfani, shi zai yi rantsuwar da za ta ƙaryata ta dalla-dalla. Kuma ku bincika kanku: kamfanoni da yawa sukan tashi daga ofis ba su sabunta adireshinsu a hukumar rajistar kamfanoni (CAC) ba, sammaci ya je tsohon wuri. Wannan sakaci ne da alƙali zai ɗora muku.

Idan kuwa an sanar da ku, to alfarma kuke nema, kuma akwai ma'auni. Kotun Ƙoli ta shimfiɗa shi a shari'ar Williams da Hope Rising a 1982: dalilin rashin zuwa mai ƙarfi ne? An yi jinkiri kafin neman sokewa? Wanda ya yi nasara zai cutu idan aka sake zama? Kuna da kariyar da ta cancanci a saurara? Yaya halinku tun farkon shari'ar? Ana duba su gaba ɗaya. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne takardar rantsuwa marar hujja. “Ba ni da lafiya” ba tare da takardar asibiti mai kwanan wata ba ba ta isa, balle kamfani mai daraktoci uku: ina sauran biyun? Kotuna ba sa son hukunta mutum kan kuskuren lauyansa, gaskiya ne, amma za a tambaye ku yaushe rabonku da bibiyar shari'ar.

Wa'adin gajere ne ƙwarai. Dokokin manyan kotuna da dama sun ba da kwana 6 kacal bayan hukunci. Idan ya wuce, dole roƙon farko a takardar ya zama na ƙarin lokaci, tare da bayanin abin da ya jawo jinkirin da biyan tarar latti. Lauyan da ya manta wannan roƙon ya gina ɗaki ba tushe. Ku haɗa da roƙon dakatar da aiwatar da hukunci, domin shigar da takarda kaɗai ba ya hana ɗaya ɓangaren neman a riƙe asusun kamfani a banki. Ku kuma shirya biyan kuɗin ɗawainiyar da kuka jawo masa.

Tambaya: To idan irin haka ta same mu, me zai hana mu ɗaukaka ƙara kai tsaye? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Hajiya, kina da wannan dama, wa'adinta wata 3 daga ranar hukuncin ƙarshe. Amma Kotun Ɗaukaka Ƙara abin da ke rubuce take dubawa, ku kuwa ba ku ba da shaida ba, takardar kariya marar shaida ana ɗaukarta kamar an yi watsi da ita. Shawarata a fara da kotun farko, ana lissafa kwanaki, domin wata 3 ɗin na ci gaba da tafiya ko da roƙon sokewa na gaban alƙali. Idan wa'adin ya ƙarato ba a yanke ba, lauya ya shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara kafin ya cika.